Likitan Cikin Waya Ba Ya Riƙe Hannu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da wannan karin magana aka rene mu, da ita kuma muke renon yaran da aka ba mu amana a makaranta. Amma tun da wayar hannu ta shiga gidajenmu, ta zo da wani irin gani wanda kakanninmu ba su san shi ba. Mutum yana kan tabarma bayan tuwon dare, sai ga wani a cikin waya sanye da farar riga, yana nuna hoton ƙashi da jijiya, yana cewa cikin kwana bakwai ciwon hannunka zai tafi. Ka gan shi da idonka, ka ji muryarsa. To, wannan gani ne ko ji? A wurinmu ji ne, ya dai ari rigar gani ya sa. Gama mai farar rigar bai gan ka ba, bai kuwa taɓa hannunka ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, mu malaman makaranta da hannu muke ci. Alli da jan biro da rajista, duk hannu ne yake ɗauke da su tun safe. Iyayen yaranmu ma haka. Akwai tela, akwai makaniki, akwai mai injin markaɗe, akwai mai kitso, akwai manomi, ga kuma iyaye mata waɗanda daka da wanki da tuƙin tuwo ba sa barin hannunsu ya huta. A 'yan shekarun nan da wuya wata ya wuce ba a sami wanda ya tare mu a bakin makaranta ba, ya miƙo waya ya ce, "Malam, kai da kake jin Turanci, duba mini wannan. Hannuna yana sagewa da dare, ga shi wannan ya ce yana da magani." Mu ba likitoci ba ne, takardarmu ta koyarwa ce. Amma tambayar ta yi yawa, har ta tilasta mana mu zauna mu yi karatu, mu kuma tambayi ma'aikatan lafiya da muka sani. Abin da muka samo shi ne za mu shimfiɗa a gabanku.

JIJIYA IRI-IRI CE

Da fari dai, harshenmu da kansa yana buɗe wa masu talla ƙofa. Kalmar nan jijiya abu uku muke kira da ita. Akwai jijiyar jini, wadda nas take lalube in za ta ɗibi jini. Akwai jijiya mai tauri kamar igiya, wadda ta haɗa tsoka da ƙashi, irin wadda take ba wuƙar mahauci wahala. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta taso daga laka, tana kai labarin zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, tana kuma kawo wa tsoka umarni ta motsa. Idan mai bidiyo ya ce yana da maganin ciwon jijiya, ya kamata a tambaye shi, wacce daga ciki? Ta ukun nan ita ce zancenmu.

Manyan jijiyoyin saƙo uku ne suke sauka har tafin hannu. Ta farko tana bi ta tsakiyar wuyan hannu. A wurin akwai ƙananan ƙasusuwa takwas da suka jeru kamar kwalbati, aka rufe samansa da wata ɗamara mai tauri. Igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suna wucewa ta cikin kwalbatin, jijiyar saƙo ita ce ta goma. Wurin ba ya ƙara faɗi. In igiyoyin suka kumbura, ko ruwa ya taru, jijiyar ce take shan matsi, domin ita ce mai laushi. Sai babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin yatsan zobe su riƙa sagewa, ko mutum ya ji kamar ya taɓa minjirya. Abin ya fi tsananta da dare, har ya ta da mutum daga barci yana yarfa hannu. Ƙaramin yatsa kuwa yana nan lafiya lau. Mata sun fi maza kamuwa, kusan ninki uku. Juna biyu, da ciwon sukari, da ƙiba, da amosanin gaɓɓai, da tsohuwar karaya a wuyan hannu, da aiki da inji mai karkarwa, duk suna iya jawo shi.

Ta biyu tana bi ta bayan gwiwar hannu. Ita ce wadda in ka buge gwiwarka a gefen tebur kake jin kamar lantarki ya ja ka. In ta matsu, ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi su ne suke sagewa. Yawan jingina gwiwa a kan tebur, ko riƙe waya a kunne na dogon lokaci, ko barci da hannu a naɗe, suna ƙara mata matsi. Ta uku tana kewaye ƙashin damtse. Wanda ya yi barci mai nauyi hannunsa na rataye a bayan kujera yana iya farkawa ya ga hannun ya langaɓe daga wuyansa, ba ya ɗaguwa.

Jijiyar saƙo tana da haƙuri, amma haƙurin yana da iyaka. Da farko sagewar tana zuwa tana tafiya. Daga baya ta zauna dare da rana. A ƙarshe tudun naman da yake gindin babban yatsa ya fara lotsawa, ɓalla maɓalli ya gagara, kofi ya riƙa suɓucewa. Jijiyar da ta lalace tana sake tohowa da kamar milimita ɗaya a rana, wato wajen inci ɗaya a wata, tsokar da ta daɗe ba ta sami saƙo ba kuwa ba lalle ta koma yadda take ba. Saboda haka babbar hasarar da bidiyon banza yake jawowa ita ce ta lokaci. Kuɗin data da na man shafawa ana iya mayar da su.

ABIN DA BIDIYO BA YA FAƊA

Mai bidiyo ciwo ɗaya yake da shi a bakinsa, duk wanda ya kalla kuwa yakan ga kamar da shi ake. Alhali sagewar hannu tana da iyaye da yawa. Wani nasa daga wuya ne, inda ƙashin wuya ya danne jijiyar tun daga tushe, don haka ko ya shekara yana murza wuyan hannu aikin banza yake yi. Wani ciwon sukari ne da bai san yana da shi ba, wanda yakan fara da sagewar ƙafafu biyu kafin ya hau hannu. Wani ƙarancin bitamin B12 ne. Wanda kuwa hannunsa ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ba ta jiran gari ya waye, balle a gama kallon bidiyo.

Akwai kuma wani ciwo wanda bidiyon da aka ɗauka a Amurka ko Ingila da wuya ya ambata, domin ba ya damunsu can, wato kuturta. Kuturta tana son jijiyar nan ta bayan gwiwar hannu. Takan kumbura ta, ƙaramin yatsa ya sage, daga baya yatsu su ƙanƙame. Tsofaffin ma'aikatan asibitocin kutare na mishan sun san wannan sarai. Sukan laluba bayan gwiwa da yatsa su ji ko jijiyar ta yi kauri, su kuma taɓa tabon da ya yi haske a fata da ɗan auduga su ga ko mutum yana ji. Har yanzu Nijeriya tana samun sababbin masu wannan ciwo fiye da dubu kowace shekara. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna masu warkar da shi, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su, ana sha wata shida ko wata goma sha biyu. Wanda ya zo da wuri yakan tsira da yatsunsa. To, ka ga in irin wannan mutum ya zauna yana bin motsa-hannun da wani ya koya masa daga ƙasar da ba a ganin kuturu, wa ya cuce shi?

Mun ga illar bidiyon nan ta fuska biyu a cikin iyayen yaranmu. Akwai wani tela, mutum mai ƙwazo, yara uku gare shi a wurinmu. Hannunsa na dama ya fara ta da shi da dare. Ya sami bidiyon da ya ce masa tiyata dabarar likitoci ce ta cin kuɗi, motsa yatsu da wani mai sun isa. Ya bi da aminci fiye da shekara guda, gama shi mutum ne mai cika abin da ya sa gaba. Ranar da ya je asibiti gindin babban yatsansa ya riga ya lotsa. An yi masa aiki, zafin dare ya tafi, yana barci. Amma ƙarfin yatsan bai dawo duka ba. Yanzu babban ɗansa ne yake zura masa zare a allura in ya taso daga makaranta, ɗinkin da yakan gama a kwana biyu kuwa yana kai shi huɗu. Mun san wannan domin a hannunmu yake neman a ɗaga masa ƙafa a kan kuɗin makaranta.

Akwai kuma wata uwa mai ciki wata bakwai, wadda hannuwanta biyu suka riƙa sagewa. Ita bidiyon da aka turo mata cewa ya yi wannan alamar shanyewa ce, sai an sayi wasu ƙwayoyi da sauri. Ta kwana uku tana kuka a ɓoye. Da ta faɗa wa nas a wurin awo, aka gwada jininta, aka duba hannun, aka ce ruwan da jikin mai ciki yake tarawa ne. Aka ba ta abin ɗaure wuyan hannu, mai ɗan ƙarfe a ciki kamar karan ɗori, ta riƙa sawa da dare. Bayan ta haihu da 'yan makonni abin ya wuce. Tela an kwantar masa da hankali a lokacin da ya kamata ya tashi, ita kuwa an ta da mata hankali a kan abin da zai wuce da kansa. Duka biyun wanda bai taɓa ganinsu ba ne ya yanke musu hukunci.

LIKITOCI SUN YI MAKIN

Abin da ya ba mu sha'awa, mu masu jan biro, shi ne likitoci ma sun zauna sun yi wa bidiyon nan makin kamar takardar jarrabawa. Suna da ma'auni. A 1997 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta kawo tambayoyi huɗu da za a yi wa kowane bayanin lafiya a intanet: wa ya yi shi, daga ina ya samo, wa ya biya kuɗin, yaushe aka yi shi. A 1999 kuma masana a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka fitar da wani ma'auni mai suna DISCERN, mai tambayoyi 16, kowace ana ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar. Da irin waɗannan ma'aunai aka auna bidiyon YouTube da na TikTok a kan matsewar jijiyar hannu sau da dama, sakamakon kuwa kusan iri ɗaya ne: yawancinsu makinsu ƙasa ne ko tsaka-tsaki, kuma yawan masu kallo ba ya nuna ingancin bayani. A 2021 wasu likitoci a Jami'ar Teksas da ke birnin Ostin sun duba bidiyon YouTube 60 a kan matsewar jijiyar wuyan hannu, suka tarar 47 daga ciki suna ɗauke da aƙalla magana ɗaya mai iya ƙarfafa kuskuren fahimta. A ajinmu, in yara 47 cikin 60 suka kawo amsa da gyara, ba za mu ce a kwafa daga allon kowa ba sai mun duba.

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, talla kuwa tana bin inda idanu suka taru. Don haka injinsu yana tura wa mutane abin da aka fi tsayawa a kalla. Likitan kirki yakan ce, "Ya danganta, sai an duba." Wannan magana ba ta tara jama'a. Wanda ya ce, "Ga sirrin da likitoci suke ɓoye muku," shi ne kasuwarsa take ci. A da YouTube yana nuna yawan waɗanda suka ƙi bidiyo, amma a watan Nuwamba na 2021 ya daina nuna wannan lissafi ga masu kallo, sai na masu yabo kaɗai. In kuma bidiyo ya biyo ta WhatsApp, yakan iso tsirara, ba sunan mai shi, ba ranar da aka yi shi, sai dai a ce wani ne ya turo wa wani. Yanzu ma har ana iya sa kwamfuta ta ƙera fuska da muryar likitan gaske, a sa masa maganar da bai taɓa faɗa ba, don a sayar da ƙwaya.

Kada a ce mun yi wa kowa kuɗin goro. Akwai bidiyo masu kyau, na manyan asibitocin koyarwa da na ƙwararrun masu gashin ƙashi, kuma mu kanmu da su muka fahimci yadda kwalbatin nan yake. Gwajin da ake yawan nunawa, na lanƙwasa wuyan hannu minti ɗaya a ga ko yatsu za su sage, gwajin gaske ne. Wani likitan Amurka, George Phalen, shi ya yaɗa shi tun wajen 1950. Na ƙwanƙwasa kan jijiya kuma yana ɗauke da sunan Jules Tinel, likitan Faransa da ya bayyana shi a 1915. Sai dai a wurin likita waɗannan tambaya ɗaya ce cikin jarrabawa mai tambayoyi da yawa. Zai duba wuya, ya gwada ƙarfin yatsu, ya auna sukari, wani lokaci ya aika a auna gudun saƙo a cikin jijiyar da na'ura. Mu malamai ba ma ba yaro sakamakon shekara da tambaya ɗaya.

YADDA MUKE AUNAWA

Ga abin da muke gaya wa duk wanda ya miƙo mana waya. Na ɗaya, wane ne mai maganar? Ya faɗi cikakken sunansa da asibitin da yake aiki, yadda za a iya bincikawa? Farar riga a kasuwa ake sayar da ita, telan da muka ambata ma yana ɗinka ta. Na biyu, me yake sayarwa? In ƙarshen zancen lambar waya ce da farashi, to talla ka kalla. Na uku, ya faɗi iyakar maganinsa? Mai gaskiya zai ce ga wanda wannan zai taimaka, ga wanda ba zai taimaka ba, ga kuma lokacin da za a bar shi a tafi asibiti. Na huɗu, ya yi alkawarin kwana? Duk wanda ya yanka wa jijiya wa'adin kwana uku ko bakwai bai san tafiyarta ba.

A kula kuma da ƙwayoyi. Bitamin B6 da ake tallarsa don jijiya, in aka sha shi da yawa na tsawon lokaci, shi da kansa yana lalata jijiya. Magungunan kashe zafi da ake saye a kemis suna rufe bakin ciwo ne kawai, ba sa buɗe wurin da ya matse, yawan shansu kuwa yana taɓa ciki da ƙoda. Tsaga da ƙaho ma ba sa isa inda matsalar take, ga mai ciwon sukari kuma miki ne ake buɗe masa.

Maganin asibiti ba abin tsoro ba ne. Ga wanda ya zo da wuri, sau da yawa abin ɗaure hannu da dare da sauya yadda ake aiki sun isa a fara da su. In bai yi ba akwai allurar da ake yi a wuyan hannu don rage kumburi. In ya yi tsanani sai a yanke ɗamarar nan da ta rufe kwalbatin, jijiya ta sami sarari. Yawanci wurin kaɗai ake kashewa, mutum yana farke, ya koma gida a ranar.

Saboda haka, 'yan'uwa, in sagewar hannu ta wuce 'yan makonni, ko tana hana barci, ko ta zauna ba ta tafiya, ko abu yana suɓucewa daga hannu, ko nama ya fara lotsawa, ko akwai tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, a tafi asibiti. In ta zo farat ɗaya da karkacewar baki ko ciwon ƙirji, a tafi a wannan sa'a.

Muna da magana kuma ga 'yan makaranta da samari, domin ku ne kuke latsa wa iyayenku waya. Baba ba ya jin Turanci, abin da ka fassara masa shi zai ɗauka, kuma zai ɗauka ne domin daga bakinka ya fito. Kafin ka tura wa Mama bidiyon magani, yi masa tambayoyin nan huɗu. In ya ci, ka ajiye shi, ka raka ta asibiti, ka nuna wa ma'aikacin lafiya ka ce, "Ga abin da muka gani, ya dace da ita?" Matambayi ba ya ɓata. Hannun nan da yake sagewa shi ne ya yi noma da daka da ɗinki har ka kai inda kake, ya cancanci a kai shi wurin wanda zai riƙe shi ya duba.